Kabari Mai Taga

Plumstead, London
12 ga Mayu

Yaya Maharazu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki, ya baƙunta? Ni lafiyata ƙalau, sai ciwon bayan nan da ka sani, shi ma in na samu off yana lafawa. Gwaggo ta kira daga Zariya, ƙafar da sauƙi. Ta ce in gaishe mata da ɗanta, ta kuma tambaye ni ko katakon London ne ya ƙare da sai ka tafi Finland. Ban ba ta amsa ba, don ni ma tambayar da ke bakina ke nan.

Kada ka yi mamakin ganin takarda. Na gaji da wayar nan tamu. In kira ka, ka ce "Karima", in ce "Yaya", sai mu yi tsit muna sauraren numfashin juna har ɗayanmu ya ce to sai an jima. Wai mata da miji ke nan. Gara in rubuta, ko ba komai biro ba ya shaƙe min wuya.

Ka ce wata uku za ka yi a ƙauyen nan na Kareliya, ku gyara musu tsofaffin gidajensu na katako, ka dawo. A wayarmu ta ƙarshe kuma ka jefo min cewa suna so ka ƙara har hunturu, ka faɗe ta kamar kana ba ni labarin ruwan sama. To ni ba yarinya ba ce. Tambaya ɗaya gare ni, kuma kada ka zagaya min: za ka dawo gidan nan ko ba za ka dawo ba?

Na san abin da ya kore ka. Tun ranar da muka dawo daga asibiti babu Affan, ba ka ƙara sa ƙafa a ɗakinsa ba. In za ka wuce ƙofar sai ka karkace kafaɗa kamar akwai wuta a jikinta. Ni kuwa a can nake samun numfashi. Ɗakin yana nan yadda ya bar shi. Uniform ɗinsa na kan kujera, takalman ƙwallonsa da busasshen taɓo a jiki, allon da Gwaggo ta aiko masa jingine da bango, da wankin da bai gama yi masa ba. Kullum ina share ƙura, in mayar da komai daidai inda na ɗauke shi.

Akwai abin da ban gaya maka ba. Da yamma, lokacin da yaran makaranta ke sauka daga bus, nakan ji tari a ɗakin. Tarin nan nasa na asma, gajere, sau biyu. Maƙwabciyarmu Kachollom ta ce bututun heating ne. Na ce mata, heating a watan Mayu? Ba tsoro nake ji ba, wallahi. Amsawa nake yi, in ce ga ni nan zuwa.

Ka ci abinci. Ka rubuto.

Matarka,
Karimatu


Kareliya, Finland
3 ga Yuni

Karima,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, na gode Allah da jin kina lafiya. Ki daina ɗaga marasa lafiya ke kaɗai a wajen aiki, bayan nan ba na aro ba ne. Ni ma lafiya lau, sai sauro. Ki gaya wa Hajiya, Gwaggon taki, sauron Zariya almajirin na nan ne, a nan malaman suke.

Da kin ga wurin nan. Gidaje ne da ba su kai ashirin ba a bakin tabki, an gina su da gungumen itace a kwance, an sarƙe su a kusurwa ba ƙusa ko ɗaya. Rufi ɗaya ne ya rufe mutane da dabbobinsu, don kada a fita cikin ƙanƙara. Kowace taga da sassaƙa a gefenta kamar aikin wuyan riga. Masu zama a nan duk shekara tsofaffi ne 'yan kaɗan, 'ya'yansu duk suna birni. Shugaban aikinmu, Veikko, ya ce in gidajen nan suka faɗi, harshen mutanen da waƙoƙinsu za su bi su. Aikinmu mu ɗaga gida da jak, mu zare gungumen da ya ruɓe a ƙasa, mu sa sabo irinsa, mu sauke. Hannuna ya tuna abubuwan da na zaci ya manta.

Rana ba ta faɗuwa a nan yanzu. Takan sunkuya bayan itatuwa ta sake miƙewa. Sallah sai da agogo, barci sai na rufe fuska da riga.

Maƙwabciyata wata tsohuwa ce, Santra, ta doshi casa'in. Ba ta jin Turanci, ba na jin nata, amma hira muke yi sosai. Kullum sai ta shigo min da wani ɗan burodi mai shinkafa a tsakiya, ta tsaya a kaina sai na cinye. Da ta ga ina sallah ta fita sanɗa ta ja min ƙofa.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne maƙabartarsu. Wani kurmi ne a kan tudu. Kowane tsohon kabari an ɗora masa ɗan gida na katako, tsawon mutum, tsayinsa bai wuce gwiwa ba, da rufinsa, da 'yar taga wajen kai tana kallon ƙauye. Veikko ya ce don mamaci ya riƙa hango gida. Amma Karima, an yi watsi da su. Rufi ya rufta, gansakuka ta cinye katako, itace ya faɗo a kan wasu an bar shi nan. Muna ta lallaɓa gidajen da ba kowa a ciki, ga masu gidajen an bar su a haka, kuma wurin ba ya cikin aikin da aka ba mu.

Kin tuna yadda Baba ke tattara mu bayan damina, mu tafi maƙabarta da fartanya da kwanon sarki, mu toshe kaburburan da suka rufta? Ba a tambayar na wane ne. To a kurmin nan akwai ɗaya a gefe da rufinsa ya kusa taɓa ƙasa. Ina da ragowar katako mai kyau. Ranar Lahadi in sun tafi coci zan gyara shi, ba sai kowa ya sani ba. Ba addininmu ɗaya ba, amma ɗan Adam ne a ciki.

Maganar dawowa, ki ba ni lokaci.

Mijinki,
Maharazu


Plumstead
5 ga Yuli

Yaya,

Ina gaisuwa. Ina lafiya, tunda dole a faɗa.

Takarda shafi biyu, na samu labarin sauro, na samu na burodi, na samu na rana mai sunkuyo. Tambayata kuma aka ba ta layi ɗaya a ƙasa kamar ragowar tuwo. Tarin da na gaya maka ko kallonsa ba ka yi ba. Na dakata ko wata za ta biyo baya, shiru. Na kira, ka ce kana kan rufi.

Sannu da aikin lada, Malam. Ka tsallake teku ka je kana yi wa kabarin baƙo rufi. Na ɗanka fa? Tun ranar da aka sa shi ba ka koma ba. Ni nake shiga jirgi in sauka in hau bus, in tsaya daga nesa in yi masa addu'a. Da ƙasar ta lotsa bayan ruwan nan, mijin Kachollom ne ya je ya yi wa ma'aikatan wurin magana suka cike. Mutumin da coci yake zuwa, shi ya yi abin da uban yaro bai yi ba. Na ji kunya, Yaya. Na ji haushi kuma, har yanzu ina ji.

Ba na so in yi maka rashin kunya, kai yayana ne tun kafin ka zama mijina. Amma ni ma ɗa na rasa, kuma ban gudu ba.

Karimatu


Kareliya
28 ga Yuli

Karima,

Sallama da fatan alheri. Ina lafiya a jiki. Abin da kika faɗa gaskiya ne, ban koma ba, kuma ba ni da abin da zan kare kaina da shi. Shirun da kika ji kuma ba raini ba ne. Na yi ɓarna a nan, na rasa ta inda zan fara gaya miki.

Na gyara kabarin. Na yi aikin da ban taɓa yin mai kyansa ba. Na sa zuciyar itace, na shafe ta da baƙin man da suke shafa wa jiragen ruwa, na daidaita 'yar tagar. Na dawo ina jin sanyi a raina, karo na farko tun rasuwar yaron nan.

Bayan 'yan kwanaki muna aiki da hantsi, sai muka ji wata murya daga kan tudu. Ba ihu ba ne, ba kuma waƙa ba, kuka ne da ake rera shi, yana hawa yana gangarowa. Veikko ya ajiye gatari ya nufi can, na bi shi. Santra ce durƙushe a gaban kabarin. Veikko ya dubi rufin, ya dube ni. Bai tambayi wa ya yi ba, ya san hannuna.

A hanya ya yi min bayani. Ba watsi aka yi da wurin ba. A al'adar ƙauyen nan ba a taɓa komai a kurmin, ko reshe ba a karyawa. Ɗan gidan kuma da gangan ake barinsa ya ruɓe. Muddin yana tsaye, mamacin yana nan kusa, yana leƙen gida ta taga. Ranar da rufin ya faɗi da kansa, ya gama tafiya ke nan, ya huta, na gida ma su huta.

Kabarin ɗanta ne, Karima. Saurayi ne, ƙanƙarar tabki ta fashe da shi yana kamun kifi, sama da shekara arba'in ke nan. Tun lokacin take jiran rufin nan. Bana ta ga ya sunkuya, ta ce wa mutane ba zai wuce hunturu ba, za ta ga tafiyar ɗanta kafin tata.

Na koma na durƙusa na ce zan cire abin da na sa. Veikko ya ce a'a, abin da ya shiga kurmin nan ba hannu ke fitar da shi ba, rushewa da hannu kora ce. Santra ta ƙwanƙwasa sabon katakon da yatsa, ta tambayi Veikko wani abu. Ya amsa mata da harshensu. Daga baya na matsa masa ya gaya min. Cewa ta yi, shekara nawa wannan zai yi? Shi kuma bai iya yi mata ƙarya ba, ya ce hamsin, ko fiye.

Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Burodin yana zuwa, amma a bakin ƙofa nake tarar da shi. Ta gaya wa Veikko yanzu tana jin ana taɓa mata taga. Ta ce yaron ya riga ya kama hanya, sai ya ga an yi masa sabon rufi, ya ɗauka so ake ya zauna.

Na san mu ba haka muka yarda ba. Wanda ya tafi yana hannun Ubangijinsa, katako ba ya riƙe rai. Na gaya wa kaina haka ya fi a ƙirga. Amma ni na ga fuskar matar nan. Tun ranar kuma ɗakin nan na gidanmu bai fita daga raina ba. Ina tunanin ƙofar, ina tunanin yadda zan yi da ita in na dawo, ban samu amsa ba tukuna.

Ki yi min addu'a.

Maharazu


Kareliya
24 ga Agusta

Karima,

Assalamu alaikum. Lafiya kuwa? Ba takarda, waya kuma tana ta ringing ba ki ɗauka. Na kira Kachollom ta ce kina zuwa aiki, kin ce a gaya min kina lafiya, za ki neme ni in kin shirya. In fushi ne, kina da gaskiya. Amma ki karanta wannan har ƙarshe.

Duhu ya fara dawowa nan, ganye ya soma ja. Ranar Juma'a Santra ta aiko Veikko ya kira ni gidanta. Na tafi. Ta zaunar da ni, ta zuba min shayi, ta ce mutum ba ya yi wa kabarin da bai sani ba irin wannan aiki sai in yana da nasa a wani wuri. Ta ce, wane ne naka?

Na faɗa mata. Tun da abin ya faru ban taɓa buɗe baki na ba wani labarin ba, sai ga shi ina ba tsohuwar da sai an fassara mata. Na ce sunansa Affan, shekararsa bakwai, in na yi masa Hausa da Turanci yake amsa min, in na ce ya maimaita sai ya yi dariya ya ce "Abba, you know what I mean."

Ta ce za ta yi masa kuka irin nasu. Matan nan suna da wannan, su rera wa mamaci magana, kuma an ce a ƙauyen ita kaɗai ta rage da ta iya. Na ce mata mu addu'a muke yi. Ta ce ka yi addu'arka, ni in yi kukana. Amma ta ce ba a yin sa da ka, sai ta san yaron. Ta fara tambaya. Bargonsa wane launi ne? In ya kwanta, taga na damansa ko hagunsa? Me ya bari bai gama ba?

Karima, na kasa amsa ko ɗaya. Na rufe ido in ga ɗakin, ƙofar kawai nake gani. Na yi ta gudun ɗakin nan har ya goge daga kaina. Veikko ya daina fassara, don babu abin fassarawa. Na kifa kai a kan teburin matar da na cuta na yi kukan da ban yi ba a asibiti, ban yi ba a maƙabarta. Ita kuma ta dafa min kai ta yi nata.

Ga amsar tambayarki. Zan dawo. Na gaya wa Veikko ba zan ƙara ba, gidan da ke hannunmu kawai zan sauke, na yi booking na ashirin ga Satumba. Daga filin jirgi maƙabarta zan fara zuwa. Sannan in zo gida, ki riƙe min hannu ki shigar da ni ɗakin. Ina so in zauna a bakin gadonsa. Ina so in ɗauki takalman nan in ga taɓon. Ina so in sa fuskata a uniform ɗin ko da sauran ƙanshinsa. In tarin ya zo, mu amsa tare.

Ashe ke kika yi daidai da kika riƙe mana shi. Don Allah kada ki taɓa komai, ko ƙurar ki bar min.

Mijinki,
Maharazu


Plumstead
4 ga Satumba

Yaya Maharazu,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, Gwaggo ma lafiya. Takardarka ta ashirin da huɗu jiya ta iso. A tsaye na karanta ta a bakin ƙofa, da jakata a kafaɗa, sai ganina na yi zaune a ƙasa.

Bari in faɗa maka yadda aka yi, kada ka tsallake.

Waccan ta labarin kabarin a cikin bus na karanta ta, har na wuce inda zan sauka. Na fara da fushi. Na ce wato Yaya ba zai iya duban idona ya ce in kwashe ɗakin ba, shi ne ya zagayo ta kan tsohuwar mutane. Na sake karantawa, na sake. Ka ce ɗakin bai fita ranka ba, ka ce ba ka san yadda za ka yi da ƙofar ba. Na ce to ga sharaɗin dawowarsa nan, kunya ce ta hana shi faɗa.

Daga nan fushin ya tafi, abin da ya fi shi muni ya zo. Na shiga share ƙura kamar kullum, ina mayar da allon inda yake, sai hannuna ya tsaya. Na ce ni ce mai sabon rufin. Kullum ina gyara masa wuri, yana tari ina cewa ga ni nan zuwa. Na yi istigfari, na san ba haka addini ya ce ba. Amma uwa ce ni, Yaya. Da na yi tunanin ko ni nake hana yaron nan hutawa, ban ƙara iya haɗiye abinci ba.

Shi ya sa ban ɗauki wayarka ba. Na san in na ji muryarka ba zan iya ba, kuma so nake in gama in ce maka, taho, babu abin da zai ƙara korar ka.

Ranar wata Asabar na kira Kachollom. Sau uku tana tambayata, "Maman Affan, kin tabbata? Ki jira maigidan mana." Na ce mata shi ya ce. Haka na faɗa, da bakina. Muka zuba kayan sawa da na wasa a jakunkuna muka kai charity shop, shagon da ke karɓar kayan sadaka ya sayar. Uniform na mayar makaranta, suna ba yaran da ba su da shi. Takalman ni na wanke su da hannuna kafin in bayar, don ba a ba mutane abu da taɓo. Allon na wanke na kai Islamiyya. Gado da katifa council suka zo suka ɗauka. Mijin Kachollom ya yi wa bangon farin fenti.

Jiya da na gama karanta takardarka na fita ko mayafi ban gyara ba, na tafi shagon da gudu. Matar ta tuna ni. Ta ce kayan yara ba sa kwana, wasu an saya, sauran mota ta kwashe zuwa wasu rassan, ba ta san ina ba. Ta ba ni ruwa na sha. Makaranta kuma ban je ba. Ba zan iya tsayawa a gate ina duba jikin 'ya'yan mutane ba.

Tarin ya daina. Tun ranar Asabar ɗin ban ƙara ji ba. Na zaci sauƙi zan samu. Yanzu da yamma nakan tsaya a corridor in kasa kunne, babu komai sai ƙarar motoci.

Ban san wa zan ba laifi ba. Na so in ba ka, na kasa. Ka yafe min, ni ma na yafe maka tafiyar.

Ka gaya wa tsohuwa bargon kore ne, taga kuma tana hagunsa. Ka ce ina gaishe ta, Allah ya ba ta haƙuri.

Kada ka fasa zuwa saboda wannan, na roƙe ka. Zan zo filin jirgi in tare ka, mu je maƙabarta tare. In mun dawo gida zan riƙe maka hannu in shigar da kai kamar yadda ka ce. Ba abin da za ka tarar sai bango da warin fenti, amma zan tsaya a tsakiya in nuna maka inda kowane abu yake, ɗaya bayan ɗaya, don yanzu ni kaɗai na sani.

In da hali ka matso da tafiyar, Yaya. Ɗazu na tsaya ina tunanin wani jirgin sama da ya zana ya manna, ko a saman gado yake ko a bayan ƙofa, na kasa tunawa.

Matarka,
Karimatu